BSA M20 na soja: kayan asali ko na kwaikwayo, wanne za ka ɗaura?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka sayi tsohon babur na soja, BSA M20, wanda ya shekara da shekaru jingine a wani gareji. Injin bai ƙame ba, amma fitila da sirdi da kafireta duk ba nasa ba ne, tankin kuma ya ci tsatsa. Kana tambaya ko ka dage sai ka nemo kayan asali na zamanin yaƙi, ko kuwa ka yi odar na kwaikwayo da ake ƙerawa yanzu, galibi a Indiya, ka huta. Iri biyun duk na riƙe a hannuna, kuma kowanne ya taɓa sa ni cizon yatsa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san shekarar babur ɗinka. Kamfanin BSA na Birmingham ya ƙera wa sojan Birtaniya kusan guda 126,000 a yaƙin duniya na biyu, kuma na 1940 da na 1945 ba kamarsu ɗaya ba. Injin dai shi ne, silinda ɗaya, cc 496, bawul a gefe, ƙarfin doki 13, wanda Val Page ya zana ya fito a 1937. Abin da ke kewaye da injin ne ya yi ta sauyawa. Na farkon yaƙi suna da babbar fitila mai inci 8, daga baya aka koma ƙarama mai inci 6 da hular ƙarfe mai tare haske saboda jiragen abokan gaba. Da Japan ta kama Malaya a 1942 roba ta yi wuya, sai aka cire robar matakin ƙafa aka bar ƙarfe zalla, mariƙin hannu kuma aka koma yi da zanen tamfol. A wannan shekarar ne kuma aka fara ɗaura ƙarafan rataya jaka a baya. Fenti ma haka: koren kaki da farko, sai ruwan ƙasa daga 1942 saboda sinadarin koren ya yi ƙaranci, sai wani kore mai duhu daga 1944. To ka ga idan ka sayi fitilar asali mai inci 8 da tsada ka ɗaura wa babur na 1944, ka sayi abu na gaske amma ka sa shi inda ba muhallinsa ba. Ka kankare wuyan firam ka karanta lamba, ka duba ta jikin injin ta hagu ƙasa da silinda. Na yaƙi suna farawa da WM20, na 1939 kuma KM20. Kada ka damu idan lambobin biyu ba su zo ɗaya ba. Makanikan soja ba sa tambayar wane inji ne na wane firam, wanda ya gyaru shi suke ɗaurawa a tura babur bakin aiki.

Yanzu ga kwatancin, zan bi shi sashe-sashe don amsar ba ɗaya ba ce a ko'ina.

Mu fara da kayan jiki, wato tanki, madigadi, akwatin kayan aiki, murfin sarƙa. Na asali ƙarfensa da kauri, kuma ramukan ƙusa suna faɗawa daidai inda firam ke jiransu. Matsalarsa tsatsa da lotsawa, da kuma nema, don sai ka bi kasuwannin tsofaffin kayan babura na Ingila irin na Kempton Park ko Beaulieu, ko ka samu wanda zai bi maka. Na kwaikwayo kuwa yana nan a intanet kullum, da araha, a hoto kuma sai ka rantse daga masana'anta ya fito. Amma cinikin biri a sama ne. Na taɓa yin odar tanki daga wani ɗan kasuwa a ƙetare, da ya iso kunnuwan ɗaure shi sun kauce da kusan faɗin yatsa, da na zuba fetur kuma sai ga shi yana tsattsafo ta wajen walda. Kuɗin jirgi, kuɗin kwastan, kuɗin mai walda, da na haɗa lissafi sai na ga da tsohon na gyara da na fi samun sauƙi. A nan ni ina bayan na asali, musamman naka da yake a hannunka. Tankin da ya ci tsatsa ba matacce ba ne. Masu walda na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano suna yanke ƙasan tanki su sa sabon ƙarfe, aikin da a Turai sai ka biya kuɗi mai yawa. Sharaɗi ɗaya: a wanke shi sosai a cika shi da ruwa kafin wuta ta kusance shi, don tururin fetur yana daɗewa a ciki fiye da yadda mutane suke zato. Madigadi na kwaikwayo dai ana iya lallaɓawa, a huda sabon rami, a toshe tsohon, fenti ya rufe.

Inda ba na sassautawa ko kaɗan shi ne ƙafafun gaba. M20 na yaƙi ba shi da shokozoba mai bututu irin na baburan yanzu, wannan sai 1948 ya zo. Nasa ƙarafa ne da aka haɗa kamar tsani, da sifirin ɗaya a tsakiya da wasu sanduna da suke juyawa a kai. Baya kuma babu komai, sifirin ɗin sirdi ne kawai tsakaninka da rami. Babur ne mai nauyin da ya haura kilo 160, duk lokacin da ka taka birki nauyin nan a kan waɗannan ƙarafan yake sauka. Na asali idan ya lanƙwashe ana miƙe shi, a sa masa sababbin sanduna da bushi, ya koma aiki. Na kwaikwayo ba ka san irin ƙarfen ba, ba ka san yadda aka haɗa gaɓoɓin ba, fenti ya lulluɓe komai. Wani yana da kyau, wani ba shi da shi, kuma ba a gane bambancin sai a kan titi. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ado kaɗai ake magana ba.

To amma akwai inda maganar take juyawa gaba ɗaya. Taya, tub, sarƙa, fatar birki, wayar birki da ta kuloci, boris, ringi, filogi, duk waɗannan sababbi za ka sa, ko da wani ya kawo maka na 1943 a cikin takardarsa ba a taɓa buɗewa ba. Roba tana mutuwa ko ba a hau ta ba. Tayar 3.25 a kan rim 19 har yau ana yin ta, har da masu zane irin na da. Tsohuwar fatar birki kuma da asbesto aka yi ta, saboda haka in ka buɗe kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar fakanaiza, ka jiƙa tsumma ka goge. Soja ma da kansu waɗannan abubuwa cirewa suke yi su yar idan sun cinye. Babu wanda ya san babur da zai raina ka don ka sa sabuwar sarƙa.

Kafireta tana tsakiya. Ta asali Amal 276 ce, mai kofin mai a gefe daban da jikinta. Idan ka ga kafireta samfurin Monobloc ko Concentric a jikin naka, wani ne ya sa daga baya, don ta farko sai tsakiyar shekarun 1950 ta fito, ta biyun kuma 1967. Tsohuwar 276 yawanci ta cinye ta ciki, iska na shiga ta inda bai kamata ba, sai babur ya ƙi tsayawa a silo duk yadda ka juya sukuru. Ana iya gyara ta a wajen mai injin sassaƙa ƙarfe, a sa mata sabuwar riga ta ciki. Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: har yanzu ana ƙera 276 sabuwa da sunan Amal a Ingila, a hannun kamfanin Burlen na Salisbury. Wannan ba zan kira ta kwaikwayo ba, ita ce dai, shekarunta ne kawai ba su kai ba. Tsakaninta da mai araha marar suna akwai nisa. Idan aljihu ya yarda, ita zan saya, in nannaɗe tsohuwar in ajiye.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi ba masu wannan babur ciwon kai. Yana amfani da Lucas Magdyno, wato maganeto da dayinamo a haɗe, maganeton ya ba filogi wuta, dayinamon ya yi cajin batir mai bolt 6. Shi ya sa babur ɗin yake tashi ko babu batir. Alamar maganeto mai ciwo sananniya ce: da safe bugu ɗaya ya tashi, ka yi tafiya injin ya yi zafi, ka kashe, sai ya ƙi tashi har sai ya huce. Kwandansa ce ta tsufa, ko kuma ƙaron da aka shafe wayar naɗin da shi ya narke. Inji mai bawul a gefe da ma zafi gare shi, balle a ranar Afrilu ta ƙasarmu. A nan shawarata ba na asali zalla ba ce, ba kuma sabo zalla ba. Ka riƙe gangar Lucas ɗin, a sake naɗa ta, a sa sabuwar kwandansa. Amma ka zaɓi mai naɗi da kyau, don wanda ya saba da injin nika ko fanka ba lallai ya iya wayar maganeto ba, siririya ce ƙwarai, kada a yi maka gyaran gangar Auzinawa. Akwatin daidaita caji ma haka ake yi masa, a bar murfin tsohon a waje, a ɓoye na zamani a ciki. Ido yana ganin 1943, batir yana samun caji. Wayoyi kuwa sababbi, amma baƙaƙe, kada rewaya ya cika maka babur da ja da shuɗi da rawaya.

Agogon gudu abin sha'awa ne. Na asali, na Smiths, allurarsa ba ta tafiya sumul, tsalle take yi kaɗan-kaɗan saboda cikinsa irin aikin agogo ne. Na kwaikwayo fuskar iri ɗaya, amma allurar tana shawagi. Wanda ya sani daga kallo ɗaya zai gane. Tsadar na asalin kuwa ba wasa, saboda haka ni zan ce ka sa na kwaikwayo ka ci gaba da hawa, ka bar neman na gasken ya zama aikin shekaru. Ba ya hana tafiya, kuma babur da ƙyar yake wuce kilomita 90 a awa ba ya buƙatar agogo ya gaya masa yana sauri.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne noti da ƙusa, don a nan ake kashe tsofaffin babura a garejinmu ba da niyya ba. Babu noti ko ƙusa mai ma'aunin milimita a jikin M20. Tiredinsa na Ingila ne na da, Whitworth da BSF da kuma wanda ake kira tiredin keke mai zare 26 a inci ɗaya. Sifana 13 ko 14 za ta yi kamar ta kama, sai ta murje kan notin. Yaron makanike kuma in ya ga ƙusa ta ƙi shiga, ƙarfi zai sa, ya cusa ta milimita a ramin alminiyon injin, shi ke nan an lalata ramin da ya shekara tamanin lafiya. Kafin tanki, kafin fitila, ka sayi sifanun Whitworth, ka tsaya a kan aikin da kanka. Sababbin noti masu tiredin daidai ana samun su, ba laifi, amma ka guji masu ƙyalli. Babur na soja ba ya walƙiya, fentinsa ma dusasshe ne, da yawa har kan ƙusoshin aka bi da buroshi.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wadda mu muka fi Turawa samun sauƙinta. Jakunkunan gefe da mariƙin hannu na tamfol ne, mai ɗinkin tamfol zai yi maka su idan ka ba shi hoto da awo. Rigar sirdi ma haka, in dai ƙarfen sirdin da sifirin ɗinsa na nan. Ƙarafan rataya jaka kuwa aikin yini ɗaya ne a wajen maƙeri mai hankali. Ba na asali ba ne, amma kai ka ga ƙarfen da idonka, ka gwada a jikin babur kafin ka biya.

Wani abu kuma saboda ƙurar hunturu. Yawancin na farkon yaƙi kafiretarsu a buɗe take, babu matatar iska. Waɗanda aka tura sahara, da kuma na ƙarshen yaƙi, an ɗora musu matatar Vokes a saman tanki, da tiyo mai saukowa zuwa kafireta, har aka yanke kusurwar tankin ta baya don tiyon ya wuce. Ka duba tankinka. Idan kusurwar nan a yanke take, ba ɓarna ba ce, kada mai walda ya cike ta, wurin Vokes ne, kuma ka samu hujjar sa matata ba tare da ka saɓa wa zamanin babur ba. Idan ba a yanke take ba, ni dai zan sa ƙaramar matata in riƙa cirewa ranar nuni, don sake huda silinda yana da iyaka.

Duk abin da ka kwance, komai lalacewarsa, kada ya tafi wajen 'yan gwangwan. Shi ne ma'aunin da za ka gwada sabon da shi. Haka kuma kafin a kankare fenti, a bi gefen tankin a hankali da yashin takarda mai laushi, don sau da yawa lambar soja mai farawa da harafin C tana kwance a ƙarƙashi. Idan ka ci karo da ɗan farantin tagulla da aka buga wa kwanan wata na bayan yaƙi, na garejin soja ne da suka sake gina shi, ka bar shi a wurinsa. Turo mini hoton lambar firam da ta inji, da tankin ta gefen dama, da gaban babur ɗin, mu ga wace shekara muke magana a kai.