Kan lesa mai dayod ɗaya ko mai huɗu: wanne za ka saya?

Mai shagon zana suna a kan katako, fata ko allon yabo a Kaduna, in ya tashi sayen injin lesa, wat, wato ƙarfin hasken, yake fara tambaya. Mu kuwa girman ɗigon hasken muke fara tambaya, da yadda zai kasance bayan injin ya yi awa guda yana aiki a zafin Afrilu.

Dayod shi ne ɗan ƙwan lantarkin da ke fitar da hasken lesa a cikin kan injin. Shuɗin dayod mai zangon nanomita 450 (zango shi ne ma'aunin launin haske) wat 5 zuwa 6 yake bayarwa. Kan da aka rubuta wa wat 10, dayod biyu ne a ciki, mai 20 huɗu, mai 40 takwas, an haɗe haskensu da ƙananan madubai. Sai dai wasu 'yan kasuwa wutar da injin ke ja suke rubutawa, ka ga 40 a kwali alhali hasken 5 ne. Ka nemi a faɗa maka wat na haske.

Hasken dayod ba zagaye yake fitowa ba. Ta gefe ɗaya yana bajewa da kusurwar digiri 30 zuwa 40, ta ɗayan kuwa kusan 10. Gefen da ya fi bajewa shi ne mai sauƙin gyara, ɗan siririn gilashi a bakin dayod ya isa. Ɗayan ne mai taurin kai, don faffaɗan bakin dayod yana barin haske ya bi salo da yawa, wato ya fito da siffofi daban-daban, a lokaci guda. Da an ƙara masa wuta ko ya ɗau zafi, salon sai su canza, ɗigon ya faɗaɗa. To ka ɗauka dayod huɗu ne, kowanne da halinsa: madubi ɗaya ya ɗan goce saboda zafi, ɗigo ya rabu biyu, rubutu ya fito da inuwa.

Don hoto da ƙananan haruffa, mai dayod ɗaya ya fi, ɗigonsa na kusan milimita 0.08. Don yankan katako mai kauri, ɗauki mai huɗu, ka haƙura da ɗigo mai ɗan girma. Akirilik garai-garai kuwa, robar nan mai kama da gilashi, shuɗin haske wucewa yake ta cikinsa, aikin wani injin lesa ne daban, mai amfani da iskar CO2.

Masu ɗakin gwaji a jami'a ko kwalejin kimiyya lissafinsu daban. Dayod mai salo ɗaya haskensa tsaf, amma ƙarfinsa miliwat ne, bai kai wat ɗaya ba, kuma zafi na sa shi tsalle daga wannan zango zuwa wancan. Samfurin DFB, dayod da aka ƙera don ya tsaya a zango ɗaya, shi ne maganin tsallen. 

Kafin ka biya, sa a ja layi biyu a katako, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ka gwada kaurinsu. A bar injin ya yi minti 30 yana aiki, a sake. In layin ya ƙara kauri ko ya dusashe, sanyayawar ba ta isa ba. Tambayi ko ana samun gilashin baki na canji, don hayaƙi da ƙurar hunturu kan manne masa, ya ɗau zafi ya tsage. Kada a gwada a kan ƙarfe mai sheƙi, hasken da ya dawo yana iya ƙona dayod. Tabarau kuma sai wanda aka rubuta masa zangon 450 da lambar kariya OD mai nuna yadda yake tare hasken, na walda ba zai yi ba.