Soyayyen naman Texas: nama ya yi, miyarsu ce ta ɓata min rai

Duk wanda ya zauna a Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, ya san naman san nan da ake bubbugawa ya yi faɗi, a turbuɗa shi a fulawa a soya, sannan a zuba masa miya mai ruwan ƙasa da albasa. Country fried steak suke ce masa can, da shi na saba, wasu wuraren ma barin naman suke ya ɗan dahu a cikin miyar har ya sha albasa ya yi laushi. To da aiki ya dawo da ni Houston, a jihar Texas, sai wani abokin aikina ɗan Texas ya ishe ni da cika baki, wai abin da nake ci a Jojiya wasan yara ne, su nan har majalisar jiharsu ta ware wa chicken fried steak, wato nasu naman san da ake soyawa kamar yadda ake soya kaza, rana guda tun 2011, ranar 26 ga Oktoba, kuma garin Lamesa na yi masa biki. Na ce to Oklahoma ma ai sun sa shi cikin abincin jiharsu tun 1988, ba ku kaɗai ba ne, ya ce nasu kwaikwayo ne. Haka dai na nemi wani gidan abinci mai sayar da naman halal na je da yunwata.

Tun wajen oda na gaya wa yarinyar da ke sabis, na maimaita mata, cewa miya mai ruwan ƙasa nake so kuma a sa min ita a gefe. Ta ce to. Sai ga faranti ya iso, nama ya cika shi har yana leƙowa, amma an malale shi kaf da farar miya mai kauri kamar kunun gyaɗa, ko ɓawon ba ka gani sai ɗan gefe-gefe. Wallahi raina ya ɓaci. Na kira ta, buɗar bakinta sai cewa ta yi ai a Texas haka ake ci. Yo ni na tambaye ki yadda ake ci? Kafin mu gama musu tsakiyar naman ya jiƙe ya yi laɓo-laɓo.

Gefen da miyar ba ta taɓa ba kuwa, kai, ya soyu ƙaras-ƙaras, naman ciki da cokali mai yatsu kawai nake yanka shi. Mai wajen da ya zo ba ni haƙuri ya ce nasu irin na tsakiyar Texas ne da ake yi da garin busasshen burodi, wanda ake dangantawa da Jamusawa da 'yan Ostiriya da suka zauna a yankin a ƙarni na 19 da schnitzel ɗinsu, wato nasu faffaɗan naman da ake soyawa da garin burodi. Gabashin jihar ƙwai ake tsoma naman sannan fulawa, yammaci wajen makiyayan shanu kuma fulawa kawai ba ƙwai. Na tambaye shi abin da ke cikin farar miyar, ya ce madara ce da fulawa da ɗan man da aka soya naman da masoro. 'Yan uwa ku riƙa tambaya fa, wurare da yawa da kitsen naman alade suke haɗa ta ko su marmasa sosej ɗin alade a ciki, ko da naman kansa na sa ne.

Da na huce na ɗan haɗa ta da dakakken dankalin turawan da ke gefe, gaskiya ba ta kai munin da na zata ba, masoron na ɗan cizo, a kan dankali ta zauna daram. Har na fara cewa a raina zan dawo. Sai dai nauyi gare ta, rabin faranti na ci na ji kamar in kwanta a wajen.

Abin da ya sake tayar min da hankali shi ne miyar da na nema tun farko. Daga baya suka kawo ta a ɗan kofi, ba albasa ko ɗaya, gishiri ya yi mata yawa, kana ɗanɗanawa ka san ta garin leda ce aka dama. Kuma da risit ya zo sai na ga sun caje ni kuɗinta daban, bayan su ne suka ɓata odar. Na biya dai, amma tukuicin yarinyar na rage shi sosai, ragowar naman kuma na sa aka kankare miyar kafin a ƙunshe min.