Mats Sundin: ya zauna a Toronto ko ya yarda a musanya shi?

A Fabrairun 2008, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Toronto Maple Leafs ta roƙi kyaftin ɗinta Mats Sundin, mai shekara 37, ya janye sharaɗin da ya hana a musanya shi sai da yardarsa. Ya ƙi.

Da ya amince, da Toronto ta samu matasan 'yan wasa, shi kuma ya nemi kofin Stanley, wato babban kofin gasar hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka, a wata ƙungiya, kamar Ray Bourque da ya bar Boston a 2000 ya ci kofin da Colorado a 2001.

Zaman kuwa haƙƙinsa ne, ƙungiyar ce ta sa hannu a sharaɗin. Amma a ganina gara da ya amince, domin a Disamba ya koma Vancouver, Toronto ba ta samu ko sisi ba.