An hana ni hawa kwale-kwale a Ingila, ga kuɗina a hannu

Assalamu alaikum mutanen gida. Masu cewa tun da na zo ƙasar nan daga aiki sai ɗaki, to na fita ganin gari, kuma na sha kunya.

Eastbourne, garin da nake aikin kula da tsofaffi, yana bakin teku ne a kudancin Ingila. Da zarar rana ta ɗan leƙo sai baƙi su cika shi maƙil. Abin da ke kawo su wasu duwatsun alli ne farare fat da suka tsaya cak a kan ruwa. Mafi tsayinsu, Beachy Head, mita 162 ne, gaba da shi kuma jerin tuddan nan da suke kira Seven Sisters. Akwai ƙananan jiragen ruwa masu inji da ke zagayawa da mutane su kalle su daga cikin teku.

Wani abokina ɗan Ringim ya saya wa kansa da iyalinsa tikiti ta intanet, ni kuwa na ce in mun je bakin ruwa na biya. Matuƙiyar mace ce, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta tsaya da takarda tana kiran suna, tana ƙirga kai. Da ta kai 12 sai ta ɗago ta ce da ni ta cika. Na leƙa jirgin, wallahi ga wuri nan, yara ne kusan rabi. Na ce zan tsuguna a ƙasa, ta ce a'a. Na ce zan ƙara mata kuɗi. Nan fa fuskarta ta canja, ta ce lasisin jirginta na fasinja 12 ne, yaro da babba duk kai ɗaya ne, in ta ɗauki na 13 ta karya doka kuma inshorarta ta tashi aiki. Turawan da ke ciki suka zuba min ido. Abokina ya ce, "Malam, yi haƙuri ka koma baya, nan ba fiton Haɗeja ba ne."

Na koma gefe raina a ɓace, ina kallonta tana bin su ɗaya bayan ɗaya da rigar ruwa. Ba miƙa musu take yi ba, da hannunta take ɗaurewa. Ƙaramar 'yar abokina, sai da ta durƙusa ta zagayo mata da wata igiya ta tsakanin ƙafafu, ta cafki rigar ta kafaɗa ta jijjiga ta ga ba za ta zame ta kai ba. Ta nuna musu usur ɗin da ke maƙale a jiki, ta faɗa musu abin da za su yi in sun faɗa ruwa, sannan ta tayar da inji. Duk wannan don yawon awa ɗaya, a ranar da ruwan yake kwance lum.

Haushi ya sa na kama hanyar kan dutse da ƙafa. Hanyar kyauta ce, ba mai tare ka ya ce kawo na goro, kuma tana ratsa filin kiwon mutane, tumaki na cin ciyawa kana wucewa, sharaɗi kawai ka rufe ƙofar shinge a bayanka. Wai mil 100 take da shi har garin Winchester, kuma akwai tsofaffi masu furfura da ke takawa da sanda da jaka don nishaɗi kawai. Abin mamaki, mutanen da suka hana ni tsugunawa a jirgi ba su kewaye bakin dutsen da waya ba, sai allunan gargaɗi, ga masu ɗaukar hoto har gaɓa. Allin kuwa zaizayewa yake yi. A 1999 sai da suka ɗaga wata tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya, Belle Tout, ɗungurungum suka ja ta baya mita 17 don kada ta rufta.

Ina tafe amma zuciyata tana Bagwai ta jihar Kano. Kun fi ni sanin ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da kwale-kwalen nan ya taso daga Badau da 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, sama da mutum 40 a ciki, ya kife a ruwan Watari. Aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Da a ce akwai mai taurin kai irin na matar nan a bakin ruwan, da an zage shi tas, an ce ba shi da mutunci, ya hana 'ya'yan Musulmi zuwa Mauludi. Mun iya cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mu kunyar ce ke kashe mu: mai fito ba zai iya kallon idon dattijo ko mai goyo ya ce an cika ba.

Kada ku ɗauka gwamnati ce ke yi musu komai. Ƙungiyar ceton rai a teku, RNLI, tun 1824 take, da sadakar jama'a take tafiya, kuma yawancin masu fita cikin guguwa da tsakar dare 'yan sa-kai ne, da safe kowa ya koma sana'arsa. A rairayin da suke gadi sukan kafa tuta mai ja da ruwan ɗorawa guda biyu, tsakaninsu ake so a yi iyo. Mu da muke da sarakunan ruwa da masunta da suka san kogi tun kaka da kakanni, me ya hana? Kuɗin da muke tarawa a yi wa ɗan takara liyafa ai zai sayi rigunan ruwa na gari guda.

Sai dai daɗin wurin na ido ne kawai. Ruwan tekun kamar ƙanƙara yake ko a watan Yuli, na tsoma ƙafa na janye. Bakin ruwan ma ba yashi ba ne, tsakuwa ce. Na sayi kifi da soyayyen dankali da kuɗin da in na juya shi naira gabana faɗuwa yake, ba yaji ba gishirin kirki, ina buɗewa wani farin tsuntsun teku ya sure rabin kifin kamar shirwa ta ga ɗan tsako. Ba wanda ya ce min sannu, dariya suka yi. La'asar ta yi, ba buta ba wurin alwala, sai da gorar ruwan sha na yi a bayan wata mota, ina kawar da kai daga masu kwance rabi tsirara. A lokacin da za a ba ni soyayyen karfasa na bakin Tiga da ƙuli-ƙuli, da na yafe musu duwatsun.

Kuma me suka fi mu? Dam ɗin Tiga da Audu Baƙo ya gina a shekarun 1970, in ka tsaya a kansa da yamma ba ka ganin ƙarshen ruwan. Tsuntsayen Turai da kansu suke tsallake sahara su sauka a dausayin Baturiya lokacin sanyi. Ga zanen mutanen da a duwatsun Birnin Kudu. Amma kai baƙo can ka ga ikon Allah: ba bandaki, ba allon da zai nuna hanya, leda ko'ina.

Da daddare na kira Kawu, wanda ya yi shekaru yana fito, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, nawa kowannensu ya biya ta?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce in za a ba shi rabin haka, mutum biyar ma zai ɗauka ya yi musu fifita. Ya ce in lissafa masa kuɗin man inji a yau, da abin da mai zuwa kasuwa zai iya bayarwa, da jirgi ɗaya tal ga mutanen ƙauye uku da ke son hayewa kafin magariba, sannan in faɗa masa wa zai bari a gaɓa. Na ce to ko rigunan ruwa ne in aiko da su. Ya ce in aiko, amma in haɗo da wanda zai sa matan gari su yarda su ɗaura a kan hijabi.