Wani shagon tsirran ruwa a Jidda da badon da yake sayarwa

Shagunan da ke sayar da kifin ado suna da yawa a Jidda, amma kaɗan ne daga cikinsu suke ba tsirran ruwa muhimmanci, domin kifi da abincinsa da akwatunan gilashi su ne suke kawo ciniki, tsiro kuwa sai a jingine shi a wani lungu har ya ruɓe. Shagon da nake son yin bayani a kansa yana kudancin birnin, ba nisa da unguwannin da mutanenmu suka fi zama, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya keɓe bango guda ga tsirrai kawai, kowane iri a nasa akwatin, da haske a samansa da ruwa mai tsabta. Na daɗe ina sayayya a wurin, kuma abin da na fi saya shi ne bado, saboda haka a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Badon da suke sayarwa shi ne wanda masana tsirrai suke kira Nymphaea lotus, kuma asalinsa na Afirka ne. Shi ne dai wanda yake rufe tafkuna da kududdufai a ƙasar Hausa idan damina ta yi nisa, wanda ake tono tushensa a dafa, a kuma ci 'ya'yansa, kuma shi ne wanda Misirawan dā suka riƙa zanawa a bangayen gine-ginensu. Masu kiwon kifin ado sun zaɓo nau'i biyu daga cikinsa, mai jan ganye da mai koren ganye da ɗigo-ɗigo, kuma duka biyun akwai su a wannan shago. Ana sayar da shi ko dai a matsayin curi, wato tushen nan mai kama da ƙaramar albasa, ko kuma wanda ya riga ya fitar da ganye a cikin ɗan kofin roba. Shawarata ita ce a sayi curin da ya fara tsiro, domin ya fi araha, ya fi jure sauyin ruwa, kuma mai saye yana ganin lafiyarsa da idonsa.

A nan ne shagon ya fara samun yabona. Ma'aikacin da ke kula da sashen tsirrai wani matashi ne Bahaushe haifaffen Makka, kuma ba ya barin mutum ya ɗauki curi sai ya gwada shi. Abin da yake faɗa mini kullum shi ne, "Alhaji, danna shi da yatsa tukuna, in ya lotsa ko ya yi wari ka ajiye, ka ɗauki wani." Wannan gaskiya ce, domin curin bado mai rai tauri gare shi, wanda ya mutu kuwa laushi yake yi, kuma idan aka sa shi a akwati sai ya gurɓata ruwan har ya cutar da kifi. Ba kowane mai shago ba ne yake koya wa mai saye yadda zai gane kayan da bai kamata ya saya ba, kuma wannan hali ya sa na amince da sauran abin da yaron yake faɗa.

Dasa shi a akwatin gilashi ba shi da wuya, amma akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa, wato kada a binne curin gaba ɗaya. A ɗora shi a kan tsakuwa ko yashi, a ɗan tura kashi ɗaya cikin uku nasa ƙasa, a bar kansa a fili, domin idan aka rufe inda ganye yake fitowa sai ya ruɓe kafin ya yi saiwa. Bado ya fi cin abinci da saiwa, ba kamar wasu tsirran ruwa da suka fi ci da ganye ba, saboda haka takin ruwa da ake ɗigawa ba ya wadatar da shi. Shagon yana sayar da taki mai kamar ƙwayar magani wanda ake cusawa a ƙarƙashin tsakuwa kusa da saiwar, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma na ga bambancinsa a fili, musamman ga mai jan ganye, wanda launinsa yake koɗewa idan ƙarfe ya yi masa ƙaranci. Wannan taki ya cancanci kuɗinsa. Ƙasar dashe ta musamman da suke sayarwa a buhu kuwa, wadda ake shigowa da ita daga waje, tana da tsada ƙwarai, balle an ɗora mata harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya a kan kaya tun shekarar 2020, kuma bado ba ya bukatarta. Tsakuwa mai laushi da aka wanke da kyau, tare da takin nan, sun isa.

Abin da mai saye ya kamata ya yanke shawara a kansa tun farko shi ne irin badon da yake so ya gani. Tsiron yana fara fitar da ganyaye a ƙarƙashin ruwa, masu faɗi da taushi, sannan daga baya ya soma miƙa dogayen karare zuwa sama domin ya shimfiɗa ganye a kan ruwa. Idan aka bar shi, cikin ɗan lokaci zai rufe saman akwatin, ya hana sauran tsirrai haske, kuma ya daina kula da ganyayen ƙasa. Wanda yake son ya zauna a dunƙule sai ya riƙa yanke duk karan da ya nufi sama daga gindinsa, amma ya sani cewa badon da aka hana kaiwa saman ruwa ba zai yi fure ba. Ni kam na fi son in bar na akwati a dunƙule, in bar na tsakar gida ya yi yadda yake so, domin furensa fari ne mai faɗi, yana buɗewa da dare, ya rufe da hantsi, kuma wanda ya fito sallar asuba yakan same shi a buɗe.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen bayanin da yake haɗawa da kayansa. Takardar da suke bayarwa an kwafo ta ne daga ƙasashe masu sanyi, tana magana a kan na'urar ɗumama ruwa da yadda za a kare tsiro daga hunturu, alhali damuwar mai bado a Jidda zafi ce. Tsiron ya fi jin daɗin ruwan da ke tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, mu kuwa muna zaune a garin da zafinsa ya taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma duk wanda tankinsa yake saman bene ya san yadda ruwan famfo yake fitowa da azahar a lokacin bazara. Wanda ya zuba irin wannan ruwa kai tsaye a akwati zai iya kashe tsiro da kifi a wuni ɗaya. Dole ne a tari ruwan a bokiti, a bar shi ya kwana a cikin ɗaki ya huce, wanda hakan kuma yana ba sinadarin kulorin damar fita, ko kuma, da zarar ya huce, a sa masa ɗigon maganin cire kulorin da shagon yake sayarwa. Takardar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma da a ce ma'aikacin ba ya nan a ranar da mutum ya zo, to da haka zai tafi bai sani ba.

Haka nan batun irin ruwan. Mafi yawan ruwan da ake sha a Jidda da Makka daga Bahar Maliya ake tace shi a cire masa gishiri, a manyan matatu irin ta Shu'aiba, kuma irin wannan ruwa ya dace da bado, sai dai ba shi da abincin tsiro, abin da ya ƙara sa takin saiwa ya zama dole. Amma wanda yake sayen ruwan tanka, wato wayit, ya kamata ya tambayi daga inda aka ɗebo shi, domin ruwan rijiyoyin da ke kusa da teku yakan zo da zartsi, bado kuwa tsiron ruwan daɗi ne, gishiri yana ƙona masa gefen ganye. Ko da ruwan mai kyau ne, a tsakar gida rana tana ƙafar da shi da sauri, gishirin da ke ciki kuma ba ya tafiya tare da tururi, taruwa yake yi. Saboda haka ƙara ruwa kawai ba ya isa, sai an riƙa kwashe kamar rubu'insa duk mako ana zuba sabo.

Ga mai son ya yi ɗan tafki a tsakar gida ko a saman bene, shagon yana da bahunan roba baƙaƙe masu girma daban-daban, kuma a nan ma ina da ja da su. Waɗanda suka fi tallatawa ba su da zurfi, ruwa marar zurfi kuwa a baƙin mazubi da sauri yake ɗaukar zafi. A nemi wanda zurfinsa ya kai santimita 40 zuwa 60, a dasa curin a cikin tukunya ko kwando da ƙasa mai yumɓu, a rufe samanta da tsakuwa domin kada ruwa ya yi laka, sannan a nutsar da tukunyar. Dasawa a tukunya tana da wata fa'ida, domin saiwar bado tana yaɗuwa ƙwarai, kuma idan aka sake ta sai ta mamaye ko'ina. A ajiye bahon inda zai samu ranar safe ta awa biyar ko shida, a yi masa inuwa da raga daga azahar zuwa la'asar.

Akwai maganar da ba zan yi sassauci a kanta ba, ita ce ta sauro. An tabbatar da ɓullar zazzaɓin denge a Jidda tun shekarar 1994, kuma sauron da ke yaɗa shi a ruwa mai tsabta da ke tsaye a cikin gidaje yake haihuwa, irin na tankuna da bahuna da tukwanen fure. Bai halatta mutum ya ƙawata gidansa da abin da zai kwantar da 'ya'yansa ko na maƙwabcinsa ba. Duk bahon bado dole ne a sa masa ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro, irin su gupi, waɗanda suke da araha kuma suke jure zafi, ko kuma a sa ɗan injin da zai riƙa motsa ruwan a hankali. Na ji daɗi da na ga ma'aikacin ba ya sayar da baho sai ya ambaci wannan, amma ya kamata masu shagon su rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin bango. Manyan kifayen ado masu tono ƙasa kuwa ba su dace da sabon dashe ba, domin suna tumɓuke curin kafin ya kama.

Sauran tsirran da ke shagon ba zan daɗe a kansu ba. Suna da kainuwa, wadda ake cewa dashen Allah, kuma tana yin kyau a baho, amma a akwati mai murfi ganyenta ruɓewa yake yi saboda raɓar da ke ɗigo masa. Wanda ya saye ta ya riƙa rage ta, ya busar da abin da ya cire kafin ya zubar, kada ya jefa a magudana ko wani ruwa. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Sudan sun san abin da tsiro mai yawo a kan ruwa ya yi wa Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wata ciyawa 'yar asalin Kudancin Amurka ta toshe hanyar jiragen ruwa har zuwa madatsar Jabal Auliya. Haka kuma ya kyautu a ware duk sabon tsiro a bokiti na mako guda, domin ƙwan katantanwa yakan maƙale a ganye, kuma akwatunan shagon ba su rabu da shi ba.

Game da mu'amala, ana biya da kati ko da tsabar kuɗi, kuma suna kai kaya gida idan aka yi oda ta WhatsApp, sai dai ban ba da shawarar a sayi tsiro ta wannan hanya ba a lokacin zafi, domin leda mai ruwa da ta daɗe a mota da rana tsaka ba ta isowa da tsiro mai lafiya. Gara mutum ya je da kansa bayan la'asar, ya zaɓa, ya wuce gida kai tsaye. Suna musanya curin da ya ruɓe a kwanakin farko idan aka dawo da shi tare da rasit, amma ba sa musanya wanda ya zubar da ganye bayan watanni, kuma a wannan suna da gaskiya, domin bado yakan huta ne kamar yadda yake yi a fadama idan rani ya busar da tafki. Matuƙar curin yana da tauri, a bar shi a wurinsa, a rage masa taki, zai sake tohowa bayan wasu makonni. Wanda yake shirin fara baho a waje ya jira daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da zafin Jidda yake sauka, domin tsiron ya samu ya kafa saiwa kafin bazara ta shigo.