Bincike a ƙauye ko kujerar ba da shawara a Yamai: amsa ga ƙanwarmu ta Tahoua

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa karatu albarka. Tambayarki ta kwana biyu a raina kafin in zauna in ba ki amsa. Kin ce kin gama karatun tattalin arziki a jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, sai ga ƙofa biyu sun buɗe miki a wata ɗaya. Ɗaya aikin bincike ne na shekara ɗaya da rabi a ƙauyukan Keita da Bouza, ki bi gida-gida da tambayoyi sannan ki zauna ki tace alƙaluma. Ɗayar kuma kujerar ƙaramar mai nazari ce a wata ma'aikata nan Yamai, inda ake rubuta wa manya shawara. Kin ce su Baba sun fi son ta Yamai. Na ci tuwon duka biyun, da ƙauye na fara, a ofis na ƙare, don haka bari in ajiye miki su kusa da juna yadda na gan su.

Abu na farko da ya raba su shi ne lokaci. Mai bincike da shekaru yake lissafi, mai ba da shawara da awowi. Ga misali daga jiharku. A 2010, bayan damina ta yi gardama, ƙungiyar Concern ta raba kuɗin tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tahoua, wasu gidaje a hannu, wasu ta salula da tsarin aika kuɗi na Zap. Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts a Amurka, da abokan aikinta suka bi gidajen, suka gano waɗanda kuɗinsu ya zo ta salula sun fi cin abinci iri-iri, ƴaƴansu sun fi samun ci, kuma cikin dalilan har da cewa matan ba su ɓata yini a tafiya da jiran layi ba. Sai a 2016 cikakken sakamakon ya fito a mujalla. Shekara shida ke nan kan tambaya guda.

Ofis kuwa ba ya jiran kowa. A Oktoban 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, an zabge kasafin kuɗin ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100. Waɗanda suka zauna suka fitar da layin da za a yanke da wanda za a bari, ko wata shida ba su samu ba. Ni kaina sau da yawa an kira ni bayan la'asar a ce gobe da safe ana son shafi biyu, kada ya wuce. Nan za ki rubuta da abin da ke hannu, kin san alƙaluman na bara ne, kin san akwai gurbi, amma dole ki ce ga abin da ya fi dacewa a yi. In ke mai son tabbatarwa ce kafin ki buɗe baki, wannan zai dame ki sosai a farko.

Na biyu, abin da kowanne ke koya wa mutum, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. A shekarata ta farko, a wani ƙauye can bayan Bouza, takardar tambaya ta ce: dami nawa ka samu bana? Dattijon ya ce arba'in, na rubuta arba'in, na miƙe zan tafi. Sai abokiyar aikina, wadda ta shiga cikin gida wajen mata, ta fito ta ce in dakata. Ashe arba'in ɗin na gandu ne kawai, kuma bayan ya fid da zakka ya biya bashin da ya ci da damina. Hatsin gamanar matansa biyu bai sa a lissafi ba, don a ganinsa ba nasa ba ne. Da muka je gari na gaba muka tarar daminsu bai kai na can girma ba. Tiya ma haka: a takarda kilo biyu da rabi ce, a kasuwa kuwa ya danganta da hannun mai awo da irin tozon da ya yi mata. Daga ranar ban sake kallon jadawali na ɗauka daga sama ya faɗo ba.

Ki lura da wadda ta gano kuskuren: mace ce, don ita ke iya wuce zaure. A Adar, inda maza da yawa ke tafiya bida su bar mata da gida watanni, mai bincike mace da ke jin Hausar wurin tana jin abin da ni ba za a taɓa faɗa mini ba. Wannan jari ne a hannunki.

Amfanin wannan ilimi sai da na zo ofis na gan shi. Manyan alƙaluman da ake gina shawara a kansu daga INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, suke fitowa: ƙidayar jama'a ta 2012 da ta ba da mutum miliyan 17 da ƴan kai, da binciken rayuwar gidaje na EHCVM na 2018 zuwa 2019 da na 2021 zuwa 2022. Wanda ya taɓa riƙe takardar tambaya, da ya ga adadin talauci zai tambaya: a wane wata aka shiga gidajen, da kaka ko lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Shi ya sa ma ake raba irin wannan bincike zagaye biyu. Wanda bai taɓa fita ba sai ya kwafe adadin ya wuce.

Amma kada in zalunci ofis, yana koyar da abin da ƙauye ba zai koya miki ba: yadda kuɗi ke tafiya. Can za ki san cewa shawara komai kyanta, in ba ta da layi a dokar kasafi, magana ce kawai. Za ki san ƙa'idojin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin CFA, da aka daɗe ana auna mu da su: giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa, bashi kada ya haura kashi 70, albashi kada ya cinye fiye da kashi 35 na kuɗin haraji. Za ki zauna bayan manya ki ji yadda ake ja-in-ja da mutanen FMI, wato asusun ba da lamuni na duniya, da Bankin Duniya. Ɗauki shirin tallafin gidaje marasa ƙarfi, wanda ya fara da ba gida jika 10 a wata har shekara biyu. Masu bincike sun bi shi, a 2022 suka buga a mujallar Nature cewa in aka haɗa kuɗin da horo da asusu da ƙarfafa gwiwar mata, abin da gidan ke samu yana ƙaruwa. Madalla. Mai ba da shawara shi ne zai ninka wannan da yawan gidaje, ya ce wa zai biya, a wace shekara, kuma me za a rage don a samu. Wannan ma ilimi ne mai wuya, kuma ina girmama masu shi.

Yunwar 2005 ce ke tuna mini cewa kowanne ba ya isa shi kaɗai. Giɓin hatsi na ƙasa a takarda bai nuna girman abin da ke tafe ba, farashi ne ya tashi ya fi ƙarfin talaka, aka daɗe ana muhawara tsakanin sayar da hatsi da rahusa da raba shi kyauta, yara kuwa suna ta cika cibiyoyin tamowa a Maraɗi. Bayan haka masu binciken LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa nan Yamai a 2001, sun zauna a ƙauyuka sun rubuta yadda mutane suka rayu da yadda rabon ya gudana a zahiri. Abin da nake so a ce muna da shi da yawa shi ne mutanen da suka san ƙauye irin wannan sani, kuma suna zaune a ɗakin da ake yanke magana.

Sai batun suna, wanda ba a cika faɗa wa matasa ba. A ofis sunanki ba zai fito ba. Ke za ki rubuta, darakta ya gyara, minista ya sa hannu, wata rana kuma ki ji an ɗauki akasin abin da kika ce saboda dalilin da ba na lissafi ba. A bincike akwai damar suna, amma ba a ba da shi sai an nema. Na yi wata takwas ina tattara bayanai wa wani foroje, da rahoton ya fito sai na tsinci kaina a layin godiya tare da direbobi, kuma aka hana ni amfani da alƙaluman don karatuna. Har yau abin yana yi mini ciwo. Yawancin tambayoyin bincike daga masu ba da kuɗi na waje suke zuwa, ɗan ƙasa kuma sau da yawa ƙafa da baki kawai ake so daga gare shi.

Kuɗi kuwa a taƙaice: foroje ya fi biya, ga kuɗin fita aiki, amma ranar da kwantiragi ya ƙare shi ke nan, kuma kin ga yadda ayyuka da yawa suka tsaya cak bayan juyin mulkin Yulin 2023. Gwamnati albashinta kaɗan ne, haya a Yamai ba wasa ba, sai dai yana zuwa. Ki bincika da kyau ko kujerar nan tana da lambar ma'aikaci, ko kuwa sitaj ce ko hidimar ƙasa aka yi wa ado, don bambancinsu kamar sama da ƙasa ne.

Gaba fa? Bincike hanyarsa digirin dokta ce: shirin karatun tattalin arziki na PTCI na jami'o'in ƙasashe masu Faransanci, cibiyoyin binciken tattalin arziki na AERC a Nairobi da CERDI a Faransa, ko makarantar ƙididdiga ta ENSEA a Abidjan, daga nan koyarwa a jami'ar Abdou Moumouni ko taku ta Tahoua da hawa matakan CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a. Ofis kuma yana kai mutum babban bankinmu na BCEAO, hukumar UEMOA a Wagadugu ko Bankin Raya Afirka. Ali Mahaman Lamine Zeine ta irin wannan hanya ya bi: ministan kuɗi zamanin Tandja, wakilin Bankin Raya Afirka a Chadi da wasu ƙasashe, sannan firaminista a Agustan 2023. Ko wacce kika bi, sai kin iya manhajar tace alƙaluma ta Stata ko R da hannunki, kin iya rubuta Faransanci gajere mai tsabta, kin kuma iya karanta Turancin Ingilishi, don da shi ake buga yawancin binciken da ake yi a kanmu.

To, in ni ne ke, Keita da Bouza zan tafi. Ƙofar Yamai tana sake buɗewa, kuma wadda ta dawo da shekara ɗaya da rabi na aikin fili, da alƙaluman da ta san asalinsu, ba a ajiye ta a kujerar baya. Ƙofar ƙauye ita ce ke ƙuntata: aure ya zo, yara su zo, kwana ashirin a daji ya gagara. Abu ɗaya ne zai sa in ce ki zo Yamai yanzu: in kujerar mai lamba ce, kuma gida da albashinki za su dogara. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ko a ofis kina iya roƙon a riƙa sa ki cikin masu fita rangadi.

Su Baba tsoronsu na hanya ne da wurin kwana, kuma suna da gaskiya, arewacin jihar wajen Tillia ba lafiya. Ki nemi jerin ƙauyukan a rubuce, da inda za ku riƙa sauka, da ko akwai wasu mata a tawagar, ki kai musu su gani da idonsu. Kafin ki sa hannu kuma ki tambayi shugaban binciken, cikin ladabi amma a fili, ko sunanki zai shiga cikin marubuta, kuma ko za a bar ki ki yi amfani da bayanan don karatunki na gaba. In ya amsa, a sa a kwantiragi. Ranar tafiya ki saka ƙaramin sikeli a jakarki, duk garin da kuka sauka ki auna tiyarsu ki rubuta a littafinki.