Hattara da mai "sabunta dabe ba tare da an fasa ba"

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Naira 380,000 mutumin nan ya cinye min a kan daben tsakar gida. 380,000, a wannan marra!

Daben gidanmu a Hotoro ya tsufa, duk ya tsattsage, in aka yi shara yashi ne ke tashi. A Facebook na ga tallarsa, wai ba sai an fasa ba, yana da sinadarin da ke kama sabon siminti da tsoho. Kada wani ya ce min garaje na yi. Sinadarin akwai shi da gaske, sai da na tambaya. Kuma da ƙafarsa ya zo, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa daben da makullin mashin, yana cewa, "Alhaji, ƙasa lafiya lau take, sama ce ta gaji." Tare muka yi la'asar, sahu ɗaya. Wa zai yi zargi? Wannan ƙwanƙwasawar nake ta tunawa, wallahi kamar ya san aiki.

Ruwan farko na damina ya tona asiri. Daben ya kumbura, yara suna ɓare shi da hannu kamar ɓawon ƙwai. Af, kafin nan ma ya dawo ya karɓi 130,000, wai siminti ya tashi, bayan 250,000 da na tura masa tun farko. Kuɗin buhu 14 na biya, buhu 4 maigadin maƙwabta ya ga an sauke.

Birkilan da na kira daga baya ya shinshina ragowar jarkar sinadarin, ya ce gam ɗin kafinta ne aka tsinka da ruwa. Ya ce ai sai an sassaƙe tsohon daben, a wanke ƙura, a jiƙa shi, a zuba kauri wajen santimita 4, sannan a yi mako guda ana ba shi ruwa. Shi kuwa mutumin ko kaurin yatsa bai zuba ba, kuma cewa ya yi kada ruwa ya taɓa wurin.

Yanzu layinsa a kashe, shafin ma ya sauya suna. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna nan, zan ɗora su anjima in wuta ta dawo.

Kada ku ba da kuɗin kaya, ku sayi simintinku da kanku. 380,000 fa!